Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

Akwai wata ɗabi'a da ta soma shiga tsakanin manyan ma'aikata da masu hannu da shuni, maza da mata, wadda ya kamata a tsaya a duba tun ba ta yi nisa ba. Mutum zai dubi madubi ya ga ƙasan idonsa ya yi jaka, sai ya kama shirin zuwa ƙasar waje ko wani ɗakin gyaran jiki, domin a yanke masa ita. Ba laifi ba ne mutum ya so kyan fuskarsa, amma fa ido ba wurin gaggawa ba ne.

Da farko dai, kumburin ƙasan ido iri biyu ne. Ƙwayar ido tana zaune ne cikin wani kitse mai kare ta, akwai kuma siririn tantani da ke riƙe da kitsen. Idan shekaru suka ja sai tantanin ya saki, kitsen ya turo gaba. Wasu kuwa gadonsa suke yi tun suna samari. Wannan shi ne irin da aikin tiyata ke gyarawa. Likita yakan tsaga fata dab da gashin ido, ko ya bi ta cikin fatar idon, hanyar da wani likitan Faransa mai suna Bourguet ya bayyana a shekarar 1924, sa'an nan ya rage kitsen ko ya shimfiɗa shi.

Iri na biyu kuwa ruwa ne ke taruwa, wanda yakan fi yawa da safe, ya ragu da rana. Yawan gishiri da rashin barci da ƙurar hunturu duk suna kawo shi. Amma wani lokaci ɗan aike ne daga cikin jiki. Ciwon ƙoda yakan fara bayyana da kumburin ido, haka ma cutar ƙululun wuya da likitoci ke kira tayirod. Mace mai juna biyu da fuskarta ta kumbura kuwa, dole ne a auna jininta ba tare da ɓata lokaci ba. Wanda ya kai irin wannan kumburi ga wuƙa ya yi asarar kuɗinsa, ciwo kuma yana nan yana cinsa.

Shi kansa aikin yana da nasa hatsari. Idan aka yanke fata fiye da kima, sai fatar idon ta juyo waje, ido ya kasa rufuwa sosai, ya dinga bushewa yana zubar da hawaye. Mafi muni shi ne jini ya taru a bayan ƙwayar ido ya danne jijiyar gani. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru, makanta na iya biyo baya cikin 'yan sa'o'i, sai fa in akwai ƙwararren likita kusa. Masu hawan jini da masu shan asfirin sun fi shiga wannan hatsari.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, duk wanda wannan abu ya dama, ya fara da awon fitsari da na jini, ya kuma ga likitan ido a asibitin koyarwa ko a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. In an tabbatar kitse ne, kuma ya zaɓi a yi aikin, to ya tabbata mai aikin yana da rajista da Majalisar Likitoci ta Nijeriya, kuma zai same shi idan dare ya yi ido ya rikice. Hukuma ita ma wajibi ne ta sa ido a kan ɗakunan kwalliya, kada wanda bai karanta likitanci ba ya ɗauki wuƙa ya nufi idon talikai.

Jaka a ƙasan ido ba ta hana karatun fayil ko na jarrabawa. Rashin idon ne ke hanawa.