Jinjina ga Ma'aikatan Awo, Amma da Sauran Aiki a Gona

Duk wanda ya leƙa ɗakin awo a asibitocin Funtuwa da Malumfashi, ko na Bakori da Ƙafur da Ɗanja, ya san ma'aikatan nan sun cancanci jinjina. Da lallashi suke shawo kan kakanni su daina zubar da dakashi, su yarda jariri zai yi wata 6 da nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ɗura masa ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna jarirai 29 cikin 100 kaɗai ke samun haka. Wadda ta zo ci-rani daga Maraɗi, da wadda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Faskari ko Sabuwa, benci ɗaya suke zama da 'yar gari. Allah ya saka wa ma'aikatan.

Sai dai nasihar takan tsaya a ƙofar asibiti. Da kaka matan nan ne a cirar auduga da casar waken suya, kuma galibi jinga ce, abin da hannunki ya tara shi ne kuɗinki. Mai goyon da ta riƙa zama tana ba da nono, da rabin buhun abokiyarta za ta tashi. Shi ya sa za ka tarar da jaririn wata uku a gindin ɗorawa, hannun yayarsa 'yar shekara bakwai, ga gorar ruwan rafi, ga koko ya huce a kofi. Daga nan sai zawo, sai tamowa. Mai goyon baƙuwa ce, babu uwa ko facala kusa da za ta karɓa mata.

Dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, amma wa ya taɓa jin ta a kunya? Ba sai an jira gwamnati ba. Mai gonar da ke loda masara a tirela ba zai gaza kafa rumfar kara ba, da ruwa mai tsabta, da ɗan ƙari ga mai goyo. Sarakunan noma su sa wannan cikin sharaɗin jinga. Limamai kuma su tuna wa manoma shekara biyun shayarwa da Suratul Baƙara ta ambata.

Ku ma ma'aikatan lafiya, makon shayarwa na 1 zuwa 7 ga Agusta da damina yake faɗawa. Ku ware wasu ranakun a Nuwamba, ku bi matan har gona, don 'yar jinga ba za ta bar aikin yini ta zo bin layi ba.