Malamar Da Ta Shiga Aikin Barantaka

A cikin watan Yuni na 2013 wani gidan talabijin na Amurka mai suna Lifetime ya fara nuna wani wasan kwaikwayo da ake kira Devious Maids, watau barori mata masu makirci. Marc Cherry ne ya shirya shi, ya ɗauko tushensa daga wani wasa na ƙasar Meziko. An yi ta nuna shi har 2016, kashi 49 ke nan duka.

Ga yadda labarin ya ke. A Beverly Hills, unguwar attajirai a jihar Kalifoniya, aka kashe wata baranya mai suna Flora a gidan iyayen gidanta ana tsakiyar liyafa. Aka kama wani saurayi, aka ce shi ne. Uwar da ta goye shi, Marisol, malama ce a jami'a. Da ta ga ba mai sauraron kukanta sai ta ajiye littattafai, ta nemi aikin shara da wanke-wanke a unguwar don ta tono gaskiya. Can ta gamu da Rosie, wadda ta baro ɗanta a Meziko tana renon ɗan wata, da Zoila wadda ta tsufa a gida guda, da Carmen mai son zama mawaƙiya.

Tun ba a fara nuna wasan sosai ba gardama ta tashi. Manyan 'yan wasan duka mata ne 'yan asalin Latin Amurka, abin da ba a saba gani ba a can. Sai waɗansu marubuta daga cikin mutanensu suka ce, ashe ranar da aka ba mu gaba, tsintsiya za a miƙa mana? Ina likitocinmu da lauyoyinmu? Eva Longoria, ɗaya daga cikin masu shirya wasan, ta amsa cewa labarin baranya ma ya isa a ba da shi.

Masu ƙorafin nan ba mu ce ba su da hujja ba, gama in kullum a matsayi guda a ke nuna wata al'umma, yara za su tashi da zaton nan ne iyakarta. Amma mu a namu ganin Longoria ta fi su gaskiya. A dubi Marisol. Ilminta bai ragu ba ranar da ta ɗauki tsumma, amma daga ran nan attajirai suka shiga faɗin asirinsu a gabanta kamar a gaban kujera. Da wannan makantar tasu ta sami abin da 'yan sanda suka kasa samu. Tun a kashi na fari ma, jinin Flora na ƙasa, abin da ya dami uwargidan shi ne wa zai goge ɗakin tun da baranyar ce ta mutu. An yi shi don dariya, amma malamin da ya nuna wa ɗalibansa wurin nan ba ya bukatar dogon bayani.

Inda mu ke ganin wasan ya gaza dabam ne. Soyayya da kisan kai sun cika shi, zancen lada da lokacin aiki kuwa kaɗan ne, alhali nan ne ciwon ya ke. Dokar aikin ƙwadago ta Amurka ta 1938, wadda ta yanka mafi ƙarancin lada, ta tsame masu aikin gida, ba a shigar da su ba sai 1974. A 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 189 don kare su. A shekarar da wasan ya fito ne Kalifoniya ta yi dokar biyan kuɗin ƙarin lokaci ga masu reno da jinya a gidaje, in aikin ya wuce awa 9 a yini ko 45 a mako. To, akawu ko malamin makaranta da ya ajiye yarinya a gidansa tana wanke-wanke, muna roƙonsa ya ƙidaya awa nawa ta yi jiya, ya kuma tuna ko an taɓa rubuta ladanta a takarda.