Hayaƙin Tsohuwar Mota: Kada A Bar Jaki A Doki Taiki

Kowace shekara idan Salla ta gabato, ko kuwa ƙarshen shekara ya zo, akan ga 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal suna ɗaure kaya za su gida. Cikinsu akwai mutanen Jos da dama, musamman 'yan Gangare da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita. Wanda Allah ya hore wa mota, a cikinta zai kwaso iyali. Wani kuwa da guminsa ya saye ta don ya kai wa ƙane ko ɗa ya riƙa haya da ita a sami na tuwo. Galibin motocin nan sun kwana biyu a duniya: ko dai irin Peugeot 504 da 505 ɗin da aka harhaɗa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, ko kuwa 'yan Kwatano waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a ƙasashen Turai kafin su iso nan.

To, abin da ya saba faruwa shi ne, mota ta sha tafiyar kusan kilomita 1,000 ta iso lafiya. Gari na wayewa a tashe ta, sai a ga farin hayaƙi yana tuɗaɗowa daga salansa, abin da ba ta taɓa yi ba a Agege ko Sabon Badun. Hankalin mai mota ya tashi, a kira makanike. Kafin a buɗe bonet an riga an yanke hukunci, wai gaskit ya ƙone, sai an sauke kan inji. Alhali kuwa a daidai wannan lokacin wataƙila akwai wata 'yar tsaga a bututun salansa ƙarƙashin kujerar baya, wadda ba wanda ya kula da ita don gyaranta bai taka kara ya karya ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Cutar da ake gaggawar ɗora wa mota ita ce mai cin aljihu, wadda ake yi wa riƙon sakainar kashi kuwa ita ce mai cin rai. Kamata ya yi a juya al'amarin: a yi jinkiri wajen buɗe inji har sai an gwada an tabbata, a yi hanzari wajen toshe yoyon salansa.

Da farko ya kamata a san cewa Jos ba Ikko ba ce. Ikko tana bakin teku, Jos kuwa tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare kan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka. Shi kuwa fetur, duk lita guda da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita guda, wanda yake fita ta salansa a matsayin tururi. A zafin Kudu ido ba ya ganinsa. A sanyin Filato sai ya fito fari fat, kamar yadda numfashin mutum yake yi da asuba. Irin wannan ba cuta ba ne. In an bar mota ta ɗumama minti 10 zuwa 15 zai ɓace. Haka kuma iskar tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba, saboda haka injin da aka daidaita kafiretarsa a Kudu yakan rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa, har ya ɗan yi baƙin hayaƙi don fetur ya rinjayi iska. Wannan ma ba ruwansa da gaskit.

Shi gaskit wani siririn faifai ne da ke matse tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Aikinsa raba abu uku da ba su ga maciji da juna, watau wutar da ke ci cikin silinda, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Idan ya ƙone da gaske, alamunsa ba sa ɓoyuwa ga mai haƙuri. Farin hayaƙin ba ya yankewa ko da inji ya yi zafi. Ruwan lagireto yana raguwa kullum ba tare da an ga inda ya ɗiga ba. In aka buɗe marfin lagireto tun inji yana da sanyi, sa'an nan aka tashe shi, za a ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa. Tiyon ruwa na sama yakan yi tauri kamar sanda jim kaɗan da tashin inji. In aka kwance fulogogi aka jera, akan tarar da ɗaya ya fita dabam da tsabta kamar an wanke shi, don ruwa yana shiga silindarsa. Baƙin mai kuma yakan rikiɗe ya zama kamar shayi mai madara.

Ko a nan ma sai an yi hattara, gama sanyin Jos yana da tasa yaudarar. Motar da ake ɗan zagayawa da ita daga Gangare zuwa Taminus a dawo, inji bai taɓa yin zafi sosai ba, takan tara wani farin maiƙo a ƙarƙashin marfin zuba mai. Gumin sanyi ne kawai. Sandar awon mai ita ce shaida: in man da ke jikinta yana nan da launinsa, bai kuma ƙaru ba, to, ruwa bai shiga ba. Hukuncin ƙarshe kuwa na na'ura ne. Akwai agogon da ake ɗaurawa a ramin fulogi a auna matsin kowace silinda. In biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gaskit ya fashe a tsakaninsu. Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ake riƙewa cikin kwalba a bakin lagireto, wanda yake komawa rawaya in hayaƙin inji yana shiga ruwa. Duka biyun ba su cin rabin sa'a.

Wani zai ce, ai ko ba shi ne ba, sabon gaskit ba ya ɓata mota. Wannan magana ba ta da tushe. Kan injin 504 da na yawancin motocin Kwatano na alminiyam ne. Sauke shi da mayar da shi yana bukatar a ɗaure kusoshinsa bi da bi, da awon ƙarfin da masu ƙera motar suka ƙayyade, ba da ƙarfin damtse ba. In aka yi ɗaurin kintace, aka kuma sa gaskit na jabu don araha, sai a ƙirƙiro wa mota cutar da ba ta da ita. Kuɗin da aka tara wata da watanni a kasuwar Mile 12 ko tashar Apapa sai su narke cikin mako guda, Salla ta zo gida ba walwala.

Gaskit ba ya ƙonewa haka kawai. Zafi ne yake kashe shi, sakaci kuma shi ke kawo zafi. Mota cike da mutane da buhuna ta fuskanci Hawan Kibo da lagireto wanda tsatsa da dattin ruwan rijiya suka toshe, ga fambel ya saki, ga marfin lagireto ya mutu ba ya riƙe matsi, a wurin da ruwa ke tafasa tun a digiri 96 maimakon 100 saboda tudu. Allura ta hau ja, direba ya ce bari dai a ƙarasa hawan. In kuma ya tsaya, sai ya kwarara wa inji ruwan sanyi nan take, kan inji ya lanƙwashe. Daidai shi ne a tsaya, a kashe inji, a jira ya huce, kada kuma a taɓa marfin lagireto yana da zafi, don tururinsa yana saɓule fata.

Yanzu sai a dubi taikin da aka bari ya zama jaki na ainihi, watau yoyon salansa. Cikin hayaƙin fetur akwai wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Tsohuwar mota ba ta rasa huda a ƙasanta inda tsatsa ta ci, balle wadda ta sha damunar Kudu da gishirin teku. A Ikko zafi ya tilasta a sauke gilashi, iska tana kwashe gubar. Da an hau Filato cikin dare sai a rufe ko'ina ruf saboda sanyi da ƙurar hunturu. Daga nan ciwon kai ya fara, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi. A ce gajiyar hanya ce. Yara da ke baya su yi tsit a ce sun yi barci. Direba kuwa gyangyaɗi na daƙiƙa biyu ya ishe shi a kan gangara. Mafi hatsari shi ne kwana cikin mota a tasha da inji a kunne don jin ɗumi. Duk wanda ya ji waɗannan alamu, a tsaya, a fito da kowa sarari, wanda jikinsa ya saki a garzaya da shi asibiti.

Gano yoyon kuwa ba wuya. Da safe in aka tashi inji aka ji ƙara tas-tas-tas daga gefensa, tana raguwa in ya ɗumama, to, mahaɗar bututun hayaƙi da inji ce ke yoyo. A duba kowace gaɓa ta salansa, inda aka ga baƙin kunkunniya nan ne hayaƙi yake kufcewa. A fili, ba cikin rufaffen gareji ba, wani ya danna tsumma a bakin salansa na ɗan lokaci kaɗan: in babu huda inji zai nemi mutuwa, in akwai za a ji tana huci. Mai walda zai gama aikin kafin azahar, a kuma toshe hudojin ƙasan motar da robar marfin but.

Ba a ce makanikai duka macuta ba ne. A garejojin Farin Gada da sauran sassan Jos akwai gwanaye waɗanda kunnensu kaɗai abin dogaro ne. Amma da yawa ba su da na'urorin gwaji, sau da yawa kuma mai motar ne yake matsa lamba don yana sauri ya koma bakin nema. Ya dace ƙungiyar makanikai ta NATA ta sa kowane reshe ya mallaki waɗannan na'urori biyu, ko da karo-karo ne. Shugabannin direbobi na NURTW su hana motar da salansarta ke yoyo ɗaukar fasinja. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta riƙa duba salansa kamar yadda take duba taya da fitila.

Amma nauyi na farko yana kan mai mota, tun yana Kudu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin a kama hanya a wanke lagireto, a sake marfinsa, a duba fambel da tiyo, a shiga ƙarƙashin mota a bi salansa daga kai har wutsiya. In an iso Gangare aka ga farin hayaƙi da asuba, a yi salla, a karya kumallo, a sake dubawa. In kuwa aka ce sai an buɗe inji, a nemi a ga shaidar gwaji tukuna. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya maido shi wurin sana'arsa lafiya, amin.