Tsadar Fetur Da Kafireton Akori-Kura

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, muna ganin masu tsofaffin akori-kura, irin Peugeot 504, suna matsa wa makanikai su tsuke kafireto domin rage shan mai. To, a yi hattara. Inji yana bukatar wajen awo 15 na iska ga awo 1 na fetur, bisa nauyi. In mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi. In ya kasa kuwa, inji ya ɗau zafi, bawul ya ƙone, hatsin manoma ya kwana a hanya ran kasuwa. Sau da yawa ma kafireton ba shi da laifi, ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska.