Mu Daina Sassaƙa Gumaka Muna Kiran Su Taurari

Ya ku 'yan'uwana marubuta, na san wasu za su ce malamin makaranta ya shiga sharo ba shanu, amma idan bera da sata, to daddawa ma da wari. Mun daɗe muna zargin waya da intanet da janye mana masu karatu. Yau laifinmu nake so mu duba.

A zangon karatun da ya wuce na kama wata ɗalibata da waya a aji, a makarantar da nake koyarwa a kudancin Kano. Da na duba sai na tarar fim ɗin zane ne na ƙasar Japan, irin wanda ake kira anime. Sunansa Bloom Into You, an fitar da shi a 2018 cikin kashi 13, daga littafin zane na wata mata mai suna Nakatani Nio, wanda aka yi ta bugawa daga 2015 zuwa 2019. Jigonsa soyayya ce tsakanin 'yan mata biyu 'yan sakandare, abin da Japanawa ke kira yuri. Matsayin addininmu da al'adarmu a kan wannan lamari sananne ne, kuma na yi wa yarinyar nasihar da ta kamata. Sai dai da na tambaye ta me ya ja ta, amsar da ta ba ni ta hana ni barci. Cewa ta yi: "Malam, su mutanen ciki kamar na san su ne. Na littattafanmu kuwa tun daga shafin farko na san yadda za su ƙare."

Na zauna na kalli fim ɗin da idon manazarci. Ƙaramar cikinsu, Yuu, ta karance littattafan soyayya, amma da wani yaro ya ce yana son ta sai ta ji zuciyarta wayam, har ta fara tunanin ko tana da wata naƙasa. Babbar, Touko, shugabar ɗalibai ce da kowa ke yabo, alhali yayarta ce ta rasu a haɗarin mota, ita kuma ta ɗora wa kanta zama kwafin marigayiyar, har ta tsani ainihin kanta. Duk abin da ya faru a labarin daga waɗannan raunuka biyu ya tsiro. Maraici, da tsoron kada a gane kasawarka, da nauyin burin iyaye, wace yarinya ce a makarantar kwana daga Bebeji zuwa Doguwa ba ta san ɗaya daga cikinsu ba? Japanawa kuma sun daɗe suna gogewa a wannan fage, tun daga gajerun labaran Yoshiya Nobuko na 'yan matan makaranta da ta fara bugawa a 1916.

To mu fa? Ɗauki littattafanmu na soyayya guda goma ka buɗe. Yarinyar fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya. Saurayin ɗan Alhaji ne da ya dawo daga Ingila. Kishiyar kullum tana gidan boka. Mene ne yarinyar ke tsoro? Me take so ban da aure? Wace ƙarya take yi wa kanta? Marubucin bai sani ba, domin bai taɓa tambaya ba. Ya riga ya tsara darasin da zai koyar, sai ya sassaƙa gumaka ya rataya wa kowanne allo a wuya: wannan nagari, wannan mugu.

Abin ya fi muni idan muka taɓo madigo. Tun lokacin da littafin Matsayin Lover na Alkhamees Bature Makwarari ya tayar da ƙura, yawancin masu shiga wannan jigo ɗayan biyu suke yi. Ko dai su cika shafuka da batsa sannan su liƙa wa'azi a shafin ƙarshe don wanke kai, ko kuma su zana wata Hajiya mai kuɗi kamar dodo, su kashe ta da mugun ciwo a babi na ƙarshe. Na farko cin amanar mai karatu ne. Na biyu kuwa ba ya gyara kowa, domin yarinyar da ake so a faɗakar ba ta ganin kanta ko ƙawarta a cikin dodo. Wanda bai fahimci mutum ba, ta yaya zai yi masa nasiha?

Wani zai ce ai idan ka ba irin wannan tauraruwa zuciya da dalili, ka halatta abin da take yi. Wannan magana ba ta da tushe. Likitan da ya binciki asalin ciwo ba ya zama abokin ciwon. Wani kuma zai ce a hana kawai. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. Shin karatun ya tsaya? Komawa waya ya yi, inda ashana ba ta kaiwa. Yarinyar da ke Kwanar Dangora ko Riruwai tana iya kallon abin da aka zana a Tokyo ba tare da ta taka Kasuwar Kurmi ba.

Abin takaicin shi ne muna da magabata da suka nuna mana hanya. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Rabi mace ce mai 'ya'ya tara da Alhaji Abdu ya kora saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta. Muna jin zafinta domin mun san irinta a unguwarmu. Ƙarfin Rabi ne ya sa aka fassara littafin zuwa Turanci aka buga shi a Indiya a 2012. Haka Sumayya ta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino: taurin kanta ne ke jan labarin, shi ya sa har yau ake tuna ta. Lokacin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa rubuce-rubucen nan sunan Adabin Kasuwar Kano, marubuta da yawa sun fusata. Amsar da ta dace da shi ita ce a ƙirƙiro Rabi goma, mu kuwa sai muka ninka gumaka.

Shawarata ga matasa masu tasowa ita ce, kafin ka rubuta babi na ɗaya, zauna da tauraruwarka kamar baƙuwar da ta sauka gidanku. San abin da ta rasa tana ƙarama, da abin da take ɓoye wa mahaifiyarta, da wanda take kishi. Ba wa mugun labarinka dalili, ka ba nagarin aibi. Saurari yadda 'yan mata ke hira a bakin rijiya a Tudun Wada, ka bar kwafar maganganun finafinan Indiya. Idan ka yi haka, darasin zai fito da kansa ba sai ka ɗaga murya ba.

Ɗalibata ta karɓi wayarta a ƙarshen zango, ta kuma roƙe ni in ba ta littafin Hausa wanda mutanen cikinsa ke numfashi. Na ba ta na Balaraba, ta cinye shi cikin kwana biyu ta dawo neman wani. Wa zai rubuta mata na gaba a cikinku? Allah Ya sa mu gyara, amin.