Babba A Naɗa Masa Rawani, Ƙarami A Kashe Shi A Bakin Kasuwa

Ya ku 'yan'uwa talakawa, mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su bukatar a karanta musu sharrin 'yan bindiga. Su suka binne mutanen Kadisau a watan Yuni na 2020. 'Ya'yansu aka kwashe daga Makarantar Kimiyya ta Ƙanƙara ran 11 ga Disamba na wannan shekara, har sai bayan kwana shida aka sako yara 344. Saboda haka kada wani mai neman tada zance ya ce muna kare ɓarayi. Tambayarmu guda ce: sandar da hukuma ta ɗaga, kan wa take sauka?

Ku tuna ƙarshen Agusta na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. An hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da waɗannan ukun. An rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, sai a zaga ta Funtuwa. An hana sayar da fetur a jarka. Da Satumba ta kama aka datse layin waya a ƙananan hukumomi 13. Wai don a kashe ɓarayi da yunwa. To, wa yunwar ta fara kamawa? Mai akuya biyu da zai sayar da guda ya kai matarsa asibiti. Dillali da mahauci da ɗan dako da mai fura a bakin kara. In ɓarayi suka dira gari da tsakar dare, da me za a kira taimako? Talaka ya biya ɓarawo kuɗin fansa, ya dawo gida ya tarar an rufe masa hanyar abinci. Wa ya taɓa zuwa ya ƙidaya masa asararsa?

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma dole mu faɗa ko da zai ɓata wa wasu namu rai. A cikin shekarun nan 'yan sa-kai sun sha janye mutum daga tsakar kasuwa don kawai Bafillace ne, ko don wani ya nuna shi da baki ya ce mai kai wa ɓarayi rahoto ne. Babu alƙali, babu shaida, sai gawa. Wanda ke bin ka bashi, ko kuke rikicin gona, kalma guda ta ishe shi ya gama da kai. Ɗan mamacin kuwa ina zai nufa? Daji, inda ake jiransa da bindiga. Ashe mu da kanmu muke yi wa ɓarayi ɗaukar soja.

Yanzu ku dubi manya. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci satar yaran Ƙanƙara, ya je Gusau a Fabrairu na 2021 ya ce ya tuba, aka karɓe shi hannu biyu. Ya koma daji, 'yan'uwansa ɓarayi suka kashe shi a watan Afrilu, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladan Naira miliyan 5 a kansa a 2020, shi aka naɗa wa rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoto ta Jihar Zamfara a watan Yuli na 2022, da rana tsaka, a gaban taro. Haba jama'a! Wanda aka san sunansa da laifinsa a shimfiɗa masa tabarma, wanda ake zato kawai a haƙa masa rami?

Doka ba ta faɗi haka ba. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 33, ya tsare ran kowa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in kotu na kusa, in da nisa kwana biyu. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai shari'a ta tabbatar. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ce ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamba na 2021. Kotun da ta iya sa musu suna, ai ta iya yanke musu hukunci, in an kawo mata su.

Masu kayan sarki ma suna kuskure, kuma kuskurensu da nauyi yake. A Tudun Biri ta Jihar Kaduna, ran 3 ga Disamba na 2023, jirgin soja ya jefa bam kan masu Maulidi, mutum 85 aƙalla suka rasu.

Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa a Oktoba na 2023, yaranmu ne, sun san daji, wasunsu sun ba da ransu. Muna roƙo duk wanda suka kama su miƙa shi ga 'yan sanda a ranar, a rubuta sunansa da garinsu a littafi, danginsa su san inda yake. In za a sake rufe kasuwa, a faɗi ranar buɗewa tun a takardar farko, a kuma zauna da Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa kafin a sa hannu. Duk sulhun da za a yi da mutanen daji, a kira matan da aka kashe wa maza su zauna a wurin, a ji bakinsu tukuna.