Tattaki domin kare ba abin dariya ba ne

A wata majalisa a Soron Ɗinki, bayan la'asar, wani matashi ya karanto mana labarin mutanen Ingila da ke takawa a ƙasa daga Land's End zuwa John o' Groats, tafiyar kusan kilomita 1,400, domin tara kuɗin kula da karnuka da jakuna. Aka kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Ƙoshi ne ya yi musu yawa. Mutum bai ci ba, wa ke ta kare?" Ban tanka masa ba saboda furfurarsa. A nan zan tanka, domin 'ya'yanmu ne ke biyan kuɗin wannan dariya.

Mu dai ba mu da bakin yi wa kowa gorin tattaki. A watan Afrilun 2015 Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Muhammadu Buhari, daga nan matasa suka mayar da abin yayi, kowa da gwanin da yake taka wa. Ƙafa ta kumbura, an ɗauki hoto da manya, an watse. Wane majinyaci ne ya tashi daga gado saboda haka?

Wanda ya taka domin kare kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, yaro ya taka wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga cizon kare ne. Ƙwayar cutar tana cikin yawunsa. Tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, wani lokaci bayan wata biyu ko uku, sa'ad da tabon ya warke, iyaye sun manta. Ranar da yaro ya fara firgita da ganin ruwa, yana jin ƙishi amma maƙogwaro ya ƙi haɗiya, to da wuya ƙwarai a ceto shi, ko a asibitin Murtala ne ko a Landan. Abin takaicin shi ne an san maganin abin tun daga tushe: idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi, cutar takan daina yawo. Allurar kuma ba daga sama za a sauko da ita ba, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin ta.

Za a ce kare ƙazanta ne, kuma cikin badala ba a cika kiwonsa ba. Ba wanda ya ce a rungume shi. Amma mafarauta suna da shi, makiyaya suna da shi, masu gadi a Kumbotso da Ungogo suna da shi, yaranmu kuma ba a ɗaure suke a zaure ba. Ƙin kallon kare bai taɓa hana shi cizo ba.

Iyaye, idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, nan take, sannan a tafi asibiti a ranar domin fara allura. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaura ganye, kada kuma a ce ai ciwon ƙarami ne. Idan an san mai karen, a sa ya tsare shi kwana 10 a ga halinsa, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allurar.

Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. Matasan da ke da ƙafar zuwa Abuja ba za su gaza takawa daga Ƙofar Mata zuwa Wudil ba. A tashi bayan asuba kafin rana ta take, a riƙe ruwa, mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa a kowane zango. Kuɗin da aka tara a rubuta shi a takarda, a miƙa wa likitocin dabbobi a gaban mai unguwa, su kuma su dawo su faɗa mana karnuka nawa aka yi wa allura da kuma a wace unguwa.